Fuskar Inna a Bangon Kasuwa

"Zaidu, dube ni... Wa ta wagga?"

Muna ta nuna da yatsa. A bangon kasuwar Filinge ga zanen wata mace tana saran gawo da gatari, bayanta rairayi ya cinye gona. Har wushiryar mai zanen bai bari ba. Innarta ce sak, mai sayar da itace.

Zaidu, wanda za ta aura bayan girbi, ya goge fenti a wandonsa.

"Inna ta, masoyiyata."

"Ko musu ba ka yi? Baba ya ce a maida maka kayanka, ba ya ba da ɗiya ga wanda ya tozarta gidanai."

Ta harari Samiratu, ma'aikaciyar gandun daji da ke gefe riƙe da kwalaben ƙasar da take aunawa. Kullum suna tare cikin gonaki, wai ita ta auna, shi ya zana. Muna ba ta taɓa yarda da wannan awon ba.

"Ita ta sa ka, ko? Aure ya mutu, ta samu wuri..."

Samiratu ta kawar da kai. Shi kuma ya sunkuyar da nasa.

"Na yi alkawarin ba ni faɗi."

"Wa kay yi ma alkawari?"

Zuciyar Muna ta yi zafi. Tana son yaron nan kamar me, ga shi yana rufa wa wata asiri a gabanta.

"Ni yay yi ma."

Inna ce, ta sauke damin itace tana haki.

"Malamar ga ta auna gonarmu, ta ce iccen da munka sare shi ka riƙe ƙasa. Na zo da ƙafata na ce ya zana ni, don mutane su bar saran icce. Matan ƙasarmu ta Kurfai ba su tsayawa kallon baƙuwar fuska, amma ni kowa ya san ni. Na hana shi faɗi don kar a ce tsohuwa ta zauna gaban suruki yana kallonta."

Kunya ta rufe Muna.

"Zaidu... yahe mini."

"Kishin ya yi maki kyau, hasken idona," ya ce a hankali.

"To Baba fa, Inna?"

Inna ta gyara gammonta.

"Bar ni da shi, aure na nan. In ya tada rigima in sa a zana shi shi ma. Shi ka wasa min gatarin."