Ƙanzo a Tukunyar Aro

A zamanin da Faransa ke mulkin ƙasarmu, tun ba a aza tubali ko guda na garin Arlit ba, akwai wata rijiya a yammacin duwatsun Ayar. Kusa da rijiyar akwai bukkokin tabarma kamar goma sha biyu. A shekarun ne Anasaru suka fara zuwa da motoci. Su fasa duwatsu, su zuba a buhu, su tafi da su. Tsofaffi su yi ta kallo suna girgiza kai.

A ɗaya daga cikin bukkokin akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Ba ta da rashin kunya, ba ta da rowa. Matsalarta guda ce: ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta zauna, ƙafa na rawa. In ta tsaya, ido na yawo. In aka aike ta rijiya, sai ta biya ta wajen awaki. Shi ya sa kowa ke ce mata 'Yar-tsalle.

Ubanta, Mano, shofer ne. Shi ke tuƙa kamyon, wato babbar motar kaya, na masu fasa dutse. Ya yi kwana ashirin ba ya gida. Ran nan aka aiko cewa yau zai dawo, kuma da baƙi biyu.

Uwarta, Aminatu, ta so ta dafa shinkafa da madarar akuya. Amma tukunyarta ƙarama ce. Sai ta tafi aro wurin maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai suna Dassin.

Dassin tana da tukunyar da babu irinta a duk zangon. Ta ƙarfe ce, amma an shafe cikinta da farin fenti mai santsi kamar ɓawon ƙwai. Bakinta da shuɗin zobe. Ɗanta Illi ne ya kawo mata ita daga Agadas, a bisa raƙumi, naɗe cikin bargo. Daga nan ya tafi aiki nesa. Shekara uku ke nan ba ta gan shi ba.

"Ke kaɗai nake ba wa aronta," in ji Dassin, "don hannunki yana da hankali. Amma kafin la'asar ina son abata. Gobe sunan jikata, da ita zan yi girki."

"In Allah ya so, uwata, kafin la'asar tana hannunki," in ji Aminatu.

Ta dawo ta ɗora tukunya a murhu. Shinkafa ta fara nuna, ta zuba madara. Sai lokacin shayar da awakinsu ya yi. A rijiyar nan kowa da lokacinsa. Wanda ya makara, awakinsa su kwana da ƙishi.

Ta kira yarinyar.

"Zo zauna nan. Ga cokali. Ki riƙa juyawa har ƙasa."

"To, Anna." Haka take kiran uwarta.

"Kada ki tashi. Madara ba ta son a ba ta baya."

"Na ji, Anna."

"Kunne ya ji. Ƙafa fa, ta ji?"

Yarinya ta yi dariya. Aminatu ta ɗauki guga ta tafi.

Yarinya ta juya sau goma. Ta juya sau ashirin. Ta kori ƙuda. Ta canja hannu. Ta tsuguna, ta miƙe, ta sake tsugunawa. Wani ƙadangare ya wuce, ta bi shi da ido har ya shige ƙarƙashin dutse.

Sai ta ji ruri daga nesa. Kamyon ne!

"Abba!" ta ce.

Ta dubi tukunya. Tukunya na tafasa a hankali, ba ruwanta.

"Yanzu zan je in dawo," ta ce a ranta. "Kafin madara ta san na tafi."

Ta ajiye cokali ta ruga.

Mano ya sauko daga mota ya ɗaga ta sama.

"'Yar-tsalle! Kin ƙara tsawo ko ni ne na gajarta?"

"Kai ne ka gajarta, Abba!"

Ya bar ta ta hau ta riƙe sitiyari. Ta danna ƙahon mota sau uku, jakuna suka firgita. Yara suka taru suna ihu.

"Ku saurara," in ji Mano. "Bayan azahar zan je kori, busasshen rafin nan, ɗebo itace. Duk za ku hau baya. Ke kuwa, a gaba za ki zauna, kusa da ni."

Yarinya ta yi tsalle. Tana sauka ƙasa, iska ta kawo mata wani wari. Warin ƙauri ne.

Ta kwasa da gudu.

Hayaƙi na fita daga tukunya. Ta sa tsumma ta sauke ta. Shinkafar sama ba ta lalace ba, sai ta kwashe ta cikin akushi. Amma ƙasan tukunya! Farin nan duk ya tafi. Baƙin ƙanzo ya kama, kaurinsa ya kai yatsa.

Ta leƙa hanyar rijiya. Uwarta ba ta taho ba tukuna.

A wannan wuri ruwa abin tattali ne. Kowace yarinya ta san da me ake wanke kwano: da yashi. Da yashi ake goge akushi. Da yashi ake goge baƙar tukunyar ƙarfe. Saboda haka ta ja tukunyar bayan bukka, ta cika hannu da yashi, ta shiga dirza.

Ta dirza, ta dirza. Ƙanzo ko gezau. Sai dai gefen fenti ya fara yin zane-zane.

Ta ɗauki dutse ta goga. Ƙanzo ko gezau.

Zufa ta keto mata. Ta sake leƙa hanya. Ta shiga bukka ta ɗauko wuƙa. Ta kafa tsinin wuƙar a gefen ƙanzon, ta danna da ƙarfi.

Ƙwas!

Wani abu fari ya yi tsalle ya faɗi a yashi. Ba ƙanzo ba ne. Fenti ne ya ɓalle, girmansa kamar farcen ɗan yatsa.

Ta yi tsaye. Ta zauna. Ta sake miƙewa. Ta ɗauki ɓallin ta manna da miyau, ya faɗo.

Sai wata dabara ta zo mata. A zangon nan ba a mai da tukunyar aro wofi. Akan sa ɗan dabino ko cuku a ciki. Ta ruga ta buɗe jakar dabinon uwarta. Ta zuba hannu ɗaya, ta zuba biyu, ta zuba har baƙin ya ɓuya. Ta rungumi tukunya za ta fita, sai ga Aminatu a bakin ƙofa da salkar ruwa.

"Ina zuwa?"

"Zan mai wa Kaka Dassin tukunyarta."

"Da wuri haka? Madalla da 'yata." Aminatu ta dubi cikin tukunyar. "Wannan dabino kuwa, na ayari guda ne?"

Yarinya ta dubi ƙasa. Ƙafarta ta dama na tona yashi.

Aminatu ta ajiye salka. Ta sa hannu ta ture dabinon gefe. Ta ga baƙin ƙanzo. Ta ga zanen yashi. Ta ga inda fenti ya ɓalle.

"Inna lillahi," ta ce a hankali.

Ba ta yi tsawa ba. Da ma ta yi, da ya fi wa yarinyar sauƙi. Hawaye suka zubo wa 'Yar-tsalle.

"Anna, motar Abba ce ta zo. Na ce yanzu zan dawo."

"Wannan ƙonewa ce. Kowa yana ƙona abinci. Wuƙa fa?"

"Na sa yashi, bai fita ba."

"Wa kika tambaya?"

"Ba kowa."

"Dabino fa?"

Yarinya ta sunkuyar da kai.

"Ana sa dabino a tukunyar aro don godiya," in ji Aminatu. "Ba don rufi ba. Dassin idonta ya yi rauni, amma Allah yana gani. Kwashe shi ki mai da jaka."

Ta kwashe. Aminatu ta kai wa Mano da baƙinsa shinkafar da ta tsira, ta dawo.

"Yanzu kawo mini toka daga murhu, mai laushi, hannu biyu. Ki duba cikin ƙwarya, akwai kanwa. Ki ɓallo kamar girman dabino."

Yarinya ta kawo da gudu. Aminatu ta zuba tokar bisa ƙanzon, ta jefa kanwa. Ta kwance bakin salka ta tsiyaya ruwa har ya rufe baƙin.

"Wannan ruwan na shanmu ne," ta ce. "Anjima ke za ki je rijiya ki cika gurbinsa."

"To, Anna. Yanzu in dirza?"

"A'a."

"In kankare da cokali?"

"A'a. Ki ɗora a wuta kaɗan. Ya tafasa a hankali. Sannan ki sauke, ki sa a inuwa, ki jira ya huce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wannan tukunya ba irin tamu ba ce. Fatarta kamar ta jariri take. Ba ta son yashi, ba ta son ƙarfe. Toka da kanwa za su yi aikin. Naki aikin shi ne zama."

Kai, wannan aiki da wuya yake!

Ta zauna. Ruwa ya fara ƙananan kumfa. Ta ƙirga kumfa har ta ɓata lissafi. Ta tura itace, ta janye itace. Ta dubi inuwar bukka. Inuwa ta fara miƙewa gabas, la'asar na matsowa.

Sai ƙahon mota ya yi kuka. Yara suka wuce da gudu. Mano ya leƙo.

"Ina 'Yar-tsalle? Gaban mota yana jiran mai shi."

Yarinya ta dubi uwarta. Aminatu tana tsintar gero, ba ta ɗaga kai ba. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce zauna ba.

Ƙafafun yarinya suka miƙe da kansu. Ta dubi ƙofa. Ta dubi tukunya. Ta kama gwiwoyinta da hannu biyu ta koma ta zauna.

"Abba, ba zan je ba. Ina da aiki."

Mano ya dubi matarsa, ya dubi tukunya, ya shafa gemu.

"Ashe daga nan ƙanshin hayaƙin shinkafarmu ya fito," ya ce. "To, Allah ya ba da sa'a."

Motar ta tafi. Tana jin waƙar yara har ta ɓace.

Ta sauke tukunya ta sa a inuwa. Kowane ɗan lokaci sai ta taɓa gefenta.

"Anna, ta huce?"

"Tukuna."

"Yanzu fa?"

"Tukuna."

Can dai Aminatu ta taɓa ta ce, "Bismillah. Sa cokalin itace, a hankali."

Yarinya ta tura cokali. Sai ƙanzon ya ɗago gaba ɗaya, kamar ɓawon itace da ya jiƙa.

"Anna! Ya fito! Ban ma danna ba!"

Ta zubar da baƙin ruwan. Ta goge da tsumma mai laushi. Farin ya dawo. Amma inda wuƙa ta ɓalle yana nan, baƙi, kamar ido yana kallonta.

"Wannan kam, toka ba ta gyara shi," in ji Aminatu. "Sai baki. Ɗauki dabino bakwai ki sa a gefe, inda ba za su rufe komai ba."

Suka tarar da Dassin tana shirin alwala.

"A'a, 'Yar-tsalle ce ke tafiya a hankali yau? Ko ƙaya kika taka?"

Yarinya ta durƙusa ta miƙa tukunya.

"Kaka, na ƙona miki ita. Na sa yashi. Na sa wuƙa, fenti ya ɓalle. Ga shi nan. Na kuma so in rufe da dabino don kada ki gani. Ba laifin Anna ba ne."

Dassin ta karɓa. Ta sa babban yatsa tana shafa wurin. Yarinya ta ji kamar ta ruga, amma ba ta motsa ba.

"Illi ya ɗauko ta kwana shida bisa raƙumi, ko ƙwarzane ba ta yi ba," in ji Dassin.

"Ki yafe mini, Kaka."

"Da kin kawo ta a rufe, da gobe na gani gaban mutane. Da daga ranar ko allura ba zan sake ba gidanku aro ba." Ta karkata tukunyar wajen haske. "Kin ga wannan wurin da ya dushe, kusa da baki?"

"Shi ma ni ce, Kaka."

"Ke ce wa? Ɓarauniyar laifi! Wannan nawa ne. Ranar da ta zo, ni ma yashi na sa mata. Illi ya yi ta ihu kamar an taka masa rawani."

Aminatu ta rufe baki tana dariya. Dassin ta ɗauki dabino ɗaya ta tura wa yarinya a baki.

"Na yafe. Amma gobe ke za ki juya mini girkin suna. In ga ko ƙafar nan ta yi hankali."

Washegari da hantsi yarinya na zaune gaban murhun Dassin, tana juyawa har ƙasa. Ƙahon mota ya yi kuka. Ƙafarta ta yi rawa, ta dafe ta. Ba ta tashi ba sai da aka sauke tukunya, ƙasanta fari fat.

Da ta fito, kamyon yana nan tsaye, ƙofar gaba a buɗe. Mano ya jira ta.

Yara, in aka ba ku aiki, ku tsaya a kansa har ya ƙare. In kun yi kuskure, kada ku ɓoye, kada ku yi gaggawar gyarawa ku kaɗai. Ku faɗa wa babba, ku tambaya. Abin da gaggawa ta ƙona, haƙuri ke wanke shi. Abin da haƙuri ya kasa wankewa, gaskiya ke gyara shi.