Gogen Mista Lau

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Silvanus Kumai ya ɗaure kayan a bayan kekensa, ya kama hanyar Kagoro. A shekarun nan na bayan yaƙin basasa, duk Kafanchan babu mai gyaran kayan kiɗa kamarsa. Gangar coci, garayar makiyayi, duk hannunsa suke biyowa. Yana da wata ƙa'ida da ya ishi kowa da ita: ba ya mayar da kaya sai ya kaɗa ya ji da kunnensa.

Wannan karon wani irin goge ne mai tsirkiya biyu, an rufe bakinsa da fatar mesa. Na Mista Lau ne, wani ɗan ƙasar Sin mai gyaran injin niƙa a Kagoro, wanda ba ya rabuwa da safar hannu ko ana zafin da kare ke zaro harshe. Ranar da ya kawo gogen, tambaya ɗaya ya yi: "Kai kana gwadawa?" Silvanus ya bugi ƙirji ya ce, "Ni kuwa!"

Sai dai matarsa Afiniki ta hana shi kaɗawa a gida. Ta ce ita dai jikinta bai ba ta ba. Shi ya sa da ya iso rafin da ke gindin dutse, ya jingine keken, ya zauna a kan wata saiwa, ya ɗora gogen a cinya.

Ya ja izgar sau ɗaya. Muryar ta fito siririya, kamar ta mace mai kuka a bayan ɗaki.

Kwaɗin rafin suka yi tsit.

Ya sake ja. Wani wari ya taso, na ƙonanniyar takarda. Babu hayaƙi, babu wuta. Ya so ya tsaya, amma hannun ya ƙi. Izgar ce ke jan sa yanzu, tana fitar da wata waƙa da bai taɓa ji ba.

Daga nesa ya jiyo ihun taron yara matasa, suna nanata kalma ɗaya cikin wani yare. Ihun yana matsowa. Hanya kuwa babu kowa.

Sai ya gan shi.

Wani tsoho durƙushe a gabansa, da doguwar hular takarda a ka, da allo rataye a wuya. Wayar allon ta nutse cikin naman wuyan. Tsohon ya ɗago hannuwansa. Yatsun sun kwanta ta ko'ina kamar karan da shanu suka tattake.

"Yesu," in ji Silvanus.

Tsohon ya kama hannun Silvanus na hagu a hankali, yadda malami ke gyara wa ɗalibi riƙo. Sanyi ƙalau. Ya shafa ƙaramin yatsan.

Ƙas!

Silvanus bai san yadda ya hau keken ba. Da hannu ɗaya ya tuƙa, yana kuka kamar yaro, har ƙofar Mista Lau. Gogen da ya yar a bakin rafi, ga shi ɗaure a bayan keken.

Mista Lau ya leƙo, ya dubi yatsan da ya karye, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Wallahi murmushi ya yi. Ya zare safar hannunsa. Yatsunsa duk a karkace, sai ɗaya.

"Na babana ne," ya ce cikin Hausarsa ta koyo. "Babban makaɗi. A ƙasarmu yara sun ɗaura jan ƙyalle a hannu, sun ce tsohon kiɗa guba ne. Sun ƙone littattafai. Sun ba ni guduma a gaban mutane, sun ce in buga yatsun baba, in na ƙi, su buga mamana. Na buga. Ya mutu kafin sanyi ya wuce."

"To ni mene na yi masa?" in ji Silvanus. "Ni ban san shi ba!"

"Shi ma bai san ka ba. Yana bin wanda ya kaɗa na ƙarshe." Ya tura ƙofar. "Na tambayi mutane. Kowa ya ce kai kana gwadawa."

Ya sa sakata.

Kafin Lahadi Mista Lau ya shiga jirgin ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Silvanus ya ƙone gogen, da safe ya same shi rataye a bangon shago. Ya jefa shi a ruwan Matsirga, ya dawo shago ya tarar da shi a bushe. Fasto ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Duk da haka, in damina ta kama, warin takardar nan sai ya shigo da yamma, wani yatsan ya tafi. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Har ta kai Afiniki ce ke ɓalle masa maɓallin riga.

Wata yamma Gregory, ƙanen Afiniki, ya biyo shagon. Shi ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan coci, an kuma sa ranar aurensa. Ya ɗaga kai ya ga abin a bango.

"Kai, yaya, wannan wane irin goge ne? Yana yi kuwa?"

Hadari na haɗuwa a kan dutsen Kagoro. Daga madafa ana jin Afiniki tana rera waƙar sujada. Silvanus ya dubi yatsu ukun da suka rage masa, ya dubi na Gregory, dogaye, lafiyayyu.

"Yana yi mana," ya ce. "Sauko da shi ka gwada."