Tulu Mai Kaushi

A can wani zamani, an yi wata yarinya da ke zaune da kakarta a gefen kurmi. Ita Kaka a bakin teku aka haife ta, amma tsufa ya riga ya tafi da ganinta. Kullum sai ta ce, "Ina ma in sake ganin ruwan garinmu!"

Ran nan yarinya ta kwaɓa yumɓu, ta gina tulu. Ta sa yatsa ta zana igiyoyin ruwa kewaye da cikinsa, manya da ƙanana, yadda Kaka ke ba ta labari.

Ƙawarta ta gani, ta ce, "Goge shi ya yi santsi mana!"

Yarinya ta ce, "A'a, haka nake son sa."

Da ta kai shi wurin gashi, matan unguwa suka bushe da dariya, suka ce, "Wa zai ɗauki wannan? Goge shi ya yi santsi mana!"

Kunya ta kama yarinya, har ta ɗauki dutsen guga. Sai ta tuna da Kaka, ta ajiye dutsen, ta ce, "A'a, haka nake son sa."

Da tulu ya gasu ya huce, ta ɗora shi a cinyar Kaka. Kaka ta shafa, ta sake shafawa. Can sai ta yi murmushi, ta lalubo hannun jikarta, ta ce, "Matso kusa, 'yar albarka, in nuna miki inda muke wanka muna yara."