Minti Goma Sha Biyar A Madadin Mijinta

"Wallahi ba za ki kai min ƙani cikin mutane a yi ta kallonsa ba!" in ji yayar mijinta, ta tare ƙofa.

"Yaya, dokar taron ke nan. Takardar da ba a gabatar ba cire ta ake yi daga littafin taron. Shekara tara fa yana binciken nan..."

"Ke me kika sani a ciki?"

Ita matar malamar firamare ce, buga wa mijin rubutunsa kawai take yi a kwamfuta. Amma tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, take haddace aikinsa kan ruwan rijiyoyi, tana girki tana bita.

Ta durƙusa gaban kekensa na guragu. "Abin ƙaunata, mu je?"

Ya gyaɗa kai.

A zauren taron ta tsaya ta gabatar da takardar a madadinsa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mai kula da lokaci na ɗaga takardar saura minti ɗaya, tana rufe jawabinta. Aka ɗau tafi.

Sai wani tsohon farfesa ya miƙe. "Me ya sa aka watsar da sakamakon rijiya ta bakwai?"

Wayyo! Wannan ba ya cikin takardar.

Ta dubi mijinta a layin gaba. Ya sani, wallahi ya sani! Leɓɓansa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fita.

"Mai amsar yana gabanku," ta ce. "Bakin ne ya ƙi..."

Lokacin shan shayi aka yanyame ta. Kai, mutane! Kowa na miƙa mata katinsa, "Dakta" nan, "Dakta" can, suna kewaye kekensa kamar kujerar da aka manta a hanya.

"Dakta, yaushe za mu ga kashi na biyu?"

"Ba ni ba ce, ga shi nan..."

Mijin ya ja gefen mayafinta. Da hannun hagu, da ƙyar, ya zare katin sunansa daga wuya, ya sa a tafinta, ya dunƙule mata yatsu.

"A'a! Kar ka yi min haka, za ka warke..."

Ya girgiza kai yana murmushi, hawaye na bin kuncinsa. Nan ta gane ba taro ta kawo shi ba, sallama ya zo yi da aikinsa.