Saƙon da Ya Faɗa Allon Abbu

Ranar da Taimur ya zo masana'antar ƙwallo ta Chaudhry Irshad a birnin Sialkot na Pakistan don haɗa kwamfutoci, ranar ya fara ganin Mehwish, 'yar mai gidan. Da yatsa biyu take rubutu, idonta a kan madannai, ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta dubi allo.

Shi ya haɗa mata yadda za ta riƙa shiga kwamfutar mahaifinta daga gida. Washegari ta turo saƙo: "Malam gwani, na danna Alt da Tab, ta kai ni wani wuri daban."

Ya amsa: "In tagar da ke nuna miki kwamfutar ofis ƙarama ce, dannawarki na gida. In ta cika allo, can ofis take tafiya. Ki riƙa ɗaga kai, sarauniya."

Daga tambayar aiki aka koma tambayar lafiya, har soyayya ta yi ƙarfi. Da magana ta kai ga Chaudhry, sai ya ce atafau. Akwai ɗan ƙaninsa Shahzeb a Dubai da yake so ta aura, me zai yi da mai gyaran kwamfuta? Mehwish ta yi kuka har ta gaji, ta yanke shawarar bin umarnin uba.

Ranar Talata da hantsi tana cikin kwamfutar ofis daga gida, tagar cike da allo, ta danna Alt da Tab don ta koma wajen saƙonninta. Kai a sunkuye kamar kullum, ta hau rubutu. Ashe cikin wasiƙar da mahaifinta ya bari a buɗe take zubawa, shi kuwa yana zaune da shayinsa yana kallon haruffa na fitowa.

"Taimur, ka yafe mini. Ba na sonka." Ta goge. "Ƙarya nake. Ina sonka, amma Abbu ya raine ni shi kaɗai tun rasuwar Ammi. Ba zan sa shi kuka ba, gara ni na yi."

Da ta ɗago, sai ta ga inda rubutun ya shiga. Wani layi ne ke fitowa a ƙasa, a hankali, irin rubutun mai yatsa ɗaya: "Wa ya ce miki ina son ki yi? Ya turo manyansa Juma'a."

Ranar ɗaurin aure Chaudhry ya riƙe hannun ango ya ce, "Ka koya mata komai, amma kar ka gyara mata wannan. Allah ya yi muku albarka, ɗana."