Agogon da Ya Makara da Awa Guda

Ranar Talata da hantsi wata matashiya ta shigo kwamisariyar Birnin Konni idonta jawur. Sunanta Raihanatu, daga Illela, ta gama lakwal, makarantar ungozoma, bana.

"Difilom ɗina na asali aka cinye, Insfekta."

Insfekta Maikano ya ajiye biro. Ta ce ta ga sanarwar aiki a intanet, wai wata ƙungiya na neman ungozoma, a saka takardun asali cikin ambulan a jefa a akwatin wani shago kusa da tasha. Yau shagon a kulle, akwatin babu. Ga shi jibi za a rufe karɓar takardun aikin gaske, gurbi ɗaya tak a Badaguishiri.

Kafin azahar masu ƙara sun kai bakwai.

Shafin da sanarwar ta fito a kai na Sadisu ne, mai sibar, shagon intanet na bakin kasuwa. Maikano ya same shi yana gumi.

"Wani filogin na sanarwar aiki na ƙara ma shafin bara," in ji Sadisu. "Ka rubuta aiki, ka sa wuri da rana, ka latsa. Amma wagga sanarwa wallahi ba ni na sa ta ba."

"Da sunanka ta fita. Wa ya san lambar sirrinka?"

Sadisu ya ɗaga kibod. Ga lambar nan manne a ƙasa, kamar mai ajiye makulli a bakin ƙofa. Maikano ya girgiza kai kawai.

A jikin sanarwar an rubuta: Juma'a, ƙarfe ɗaya.

Dattijo Wakili, abokin kasuwancin Sadisu mai kula da injin hotokofi, ya matso da carbi a hannu.

"Ƙarfe ɗaya ni na tahi cin abinci. Shi ɗai na bari. Ban so in hwaɗi ba, amma gaskiya ɗaya ta."

Maikano bai cika yarda da mai saurin kawo shaida ba. Ya ce wa Sadisu ya saka sanarwar gwaji yanzu. Aka latsa. Shafin ya rubuta ƙarfe uku, agogon bango na nuna huɗu.

"Tun da na ɗora shi ban gyara agogonshi ba," Sadisu ya faɗa a kunyace.

"To ƙarfe biyu ke nan aka sa ta. Ina kake?"

"Masallacin Juma'a. Sahuna ɗaya da limamin unguwarmu."

"Makulli fa?"

Sadisu ya juya ya dubi abokin kasuwancinsa, wanda yake bar wa makullin duk Juma'a. Carbin Wakili ya daina motsi.

A buro, ofishin Insfekta, Wakili bai ja dogon musu ba, musamman da mai shagon tasha ya shaida shi ne ya kama hayar sati biyu.

"Ɗiyata Hamdiyya na neman gurbin nan," ya ce. "Shekara ukku tana zaune Malbaza gidan miji da difilom cikin adaka. Na ce in babu takardun wasu, ita za a ɗauka. Ba ta san komi ba."

"Ina takardun?"

"Na ƙone su bayan gari."

"Ka buɗe su?"

"Ban iya kallon sunayen ba."

Takaici ya kama Maikano, har da tausayin da bai so ya ji ba. Ya fara rubuta wa Raihanatu takardar shaidar ɓata, ya buga hatimi, ya ce ta kama motar Tawa yau, inda ake karɓar takardun aikin, ko za a duba ta. Tabbas kam bai ba ta ba.

Sannan ya juya rajistar masu ƙara ya tura gaban Wakili.

"Karanta mini ta bakwai."

Wakili ya sa tabarau. Hamdiyya Wakili, Malbaza. Ta ga sanarwar a shafin sibar mahaifinta, shi ya sa ta amince, ta aiko da nata ta hannun direba don ta ba shi mamaki.

Ɗan sanda ya kama hannunsa ya nufi ƙofa da shi. Hamdiyya na zaune a bencin waje, tana jiran ta ji ko an kama ɓarawon.