Mai Neman Canjaras

"Kar ka soma yi min zancen ƙwallo yau!"

Ƙasa-ƙasa Auta ta faɗa cikin wayar, ta juya wa gilas baya don kada Mai Sharhi ya hango bakinta daga ɗakin watsa shiri ya gane faɗa take yi.

Can ɗaya ɓangaren tana jin ƙas-ƙas ɗin agogunan shagon saurayinta.

"Mai layina..."

"Ni ba mai layinka ba ce! Jiya minti arba'in ka yi a falonmu. Me ka ce wa Baba?"

"Na gaishe shi."

"Ka gaishe shi. Sai kuma me?"

"Na... sha ruwa."

Da wani ne ya ba ta labarin nan da ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma ita ce ta goge falon nan sau biyu, ita ce ta yi mako guda tana lallaɓa Baba ya zauna a gida, ita ce kuma ta laɓe bayan labule tana jiran kalma ɗaya da ba ta zo ba.

"Shekara biyu fa," ta ce. "Kai ma canjaras ɗin ka je nema a gidanmu?"

Jar fitila ta kama, Mai Sharhi ya ɗaga mata yatsa, dole ta danna maɓallin ta tura shi kan iska.

Aikinta ke nan a gidan rediyon. Duk Litinin da la'asar, in an buɗe layi a shirin wasanni, ita ke ɗaga waya, ta tambayi mai kira daga ina, ta ce ya rage ƙarar rediyonsa, ta riƙe shi minti biyu kafin ta haɗa shi. Duk garin sun san muryar Mai Sharhi, ita kuwa ba wanda ya san da zamanta a wannan ɗan ɗaki mai kujera ɗaya da fanka mai kuka. Mutane na zazzage mata fushinsu su wuce, ko sannu babu.

Fushin kuma kullum ɗaya ne. Ƙungiyar garin in tana gida sai ta yi wa baƙi ruwan ƙwallaye, amma da zarar an fita wasan waje sai koci ya tara 'yan wasa a baya, a tare gida, a tashi babu ci. Kowa zaginsa yake yi. Mutum ɗaya ne tak yake kare shi, wani mai gyaran agogo, har masu sauraro suka laƙaba masa Canjaras, sunansa na gaskiya ya ɓace. Shi ne kuma mutum na farko da ya taɓa ce mata, "Ke fa, ya gajiyar aiki?" Daga wannan minti biyun komai ya faro.

"Ga gwanin naku nan!" Mai Sharhi ya faɗa yana murmushin mugunta. "Canjaras, jiya ko sau ɗaya ba mu buga ƙwallo ta nufi raga ba. Me za ka ce?"

"Mun dawo da maki ɗaya," ya ce a natse. "Bara a filin nan huɗu aka zura mana."

"Wannan ai tsoro ne!"

"Tsoro ne. Ban musa ba. Amma wanda bai taɓa tsayawa a filin da ba nasa ba, dubban mutane sun zuba masa ido suna jiran ya yi kuskure su fashe da dariya, ba zai gane kocin nan ba."

Layuka suka ɗau ƙara. Wani mai faci ya ce a kori kocin a haɗa da Canjaras, wata mai shagon ɗinki ta ce kuɗin motar da take kashewa bin ƙungiyar gara ta sayi zare. Auta tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ranta a jagule. Ga mutum nan magana na zuba a bakinsa tsaf-tsaf a gaban gari guda, amma a gaban tsoho ɗaya ya zama bebe!

A gida ma ba ta tsira ba.

"Auta, mutumin naki ya iya tare gida!" Yaya ya tare ta da shi tun daga ƙofa. "Wallahi ko kocin bai kai shi ba. Baba ya kawo hari ta dama, ya ce 'haka ne.' Na kawo ta hagu, ya ce 'to.'"

"Yaya, don Allah ka bari."

Baba bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya dube ta.

"Auta, ni ban raina sana'arsa ba. Amma mutumin da zai zauna a gabana ya kasa faɗin abin da ya kawo shi, me zan ba shi? Ko dai ba da gaske yake ba, ko akwai abin da yake ɓoyewa. Kada ya sake zuwa ya zauna min shiru."

Ta shige ɗaki ta kwanta rigingine tana kallon silin. Wayarta na gefenta. Ta ɗauka ta ajiye ya fi sau goma. Ita ce fa aka ɓata wa, don me za ta fara kira?

Litinin ta zo, Canjaras bai kira ba.

Wata Litinin ɗin ta sake zuwa, an kuma yin canjaras a waje, gari ya ɗauka, shi shiru kamar ruwa ya cinye shi. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi, ta ɗaga da sauri, sai ta ji wani ƙato yana ihu a kan koci. Da ba ta san ɗakin nan ƙarami ne ba sai yanzu. Takan ci abincin rana ita kaɗai a kan teburin na'ura, ta wanke hannu, ta zauna tana kallon fitilun layi. Kewa ce take cin ta, kewa mai nauyi, irin wadda ba ka da wanda za ka gaya wa don kowa ya riga ya ce maka ka haƙura.

"Ya gudu ko?" Mai Sharhi ya ce ranar da aka cika mako uku, ya jingina da ƙofarta yana kaɗa makullin mota. Ya daɗe yana zagaye-zagaye a kanta, tana yi kamar ba ta gane ba. "Irinsu haka suke, ƙanwata. Ke mai kai hari ta dace da ke. Zo in sauke ki a gida."

"Na gode, zan hau motar haya."

Washegari Injiniya ya shigo duba na'urar waya da take yanke kira. Dattijo ne marar yawan magana. Yana cikin latse-latse ya ce, "'Yata, lambar nan da aka toshe, a bar ta haka?"

"Wace lamba?"

Ya nuna mata. Ko a mafarki aka tashe ta za ta karanto lambar nan.

"Wa ya ce a toshe ta?"

"Mai Sharhi. Ya ce mai ita zagi yake yi."

Mutumin da ko koci bai yarda a zaga ba!

"Buɗe ta, Baba Injiniya. Yanzu."

Ta ɗau jakarta. A baranda ta ci karo da Mai Sharhi, ya buɗe baki zai yi magana.

"In kana neman wanda ya iya tare gida," ta ce, "ka duba madubi. Ka ji tsoron muryar mutum har ka kulle masa ƙofa."

Ta wuce ta bar shi da baki buɗe.

Shagon agogon na ƙarshen wani lungu, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da batir. Sau da yawa ta zo nan, ta zauna a benci, shi yana sunkuye da gilashin ƙara gani a ido ɗaya, yana ba ta labari hannunsa na cikin agogo. Yau teburin ba kowa. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai ta ji murya daga bayan labulen ciki.

"Ba... Ba... B-b-baba, na z-z-zo ne..."

Ta tsaya cak.

"Na z-zo ne in n-n-n..."

Aka bugi katako da hannu. Aka ja dogon numfashi. Aka sake farawa daga farko.

Muryarsa ce. Ba ta taɓa jin ta haka ba, amma tasa ce.

Ta yaye labulen. Yana tsaye da riga mai guga, ya ajiye kujera a gabansa ya ɗora mata hula, ita yake yi wa magana. Da ya gan ta sai ya yi wuri-wuri da ido, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

Ya koma teburinsa ya zauna, ya ɗau wani agogo ya buɗe bayansa, ya sunkuyar da kai. Sannan maganar ta fito sumul, yadda ta saba ji.

"Tun ina yaro nake da in'ina. In ina nan hannuna na aiki, ko a waya inda ba mai kallona, ba ta zuwa. Amma in na shiga ɗakin wani aka zuba min ido, sai harshena ya ƙulle. A makaranta har layi ake yi a zo a ji ni ina karatu."

"Shi ya sa ka yi shiru a gaban Baba..."

"Na ga yayanki yana kallona yana jira. Na san in na fara zan maƙale, ya yi dariya, ke kuma kina bayan labule kina ji. Na ce gara in fita ba a ci ni ba."

"Ai kai ma ba ka ci ba."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Muryata kika fara so, Mai layina. Ita kaɗai gare ni mai kyau. Na ji tsoron ki ji ɗayar."

Hawayen da ta yi mako uku tana dannewa suka ɓalle. Ta zauna a bencin.

"Na kira," ya ce. "Litinin uku ina kira, layin na yanke ni. Na ɗauka amsarki ke nan, shi ya sa ban nemi wayarki ba."

"Ba ni na toshe ba, wallahi! Mai Sharhi ne. Amma ni ma lambarka na hannuna, na zauna ina jiran ka fara." Ta share ido da gefen mayafi. "In ka ɗauka amsata ke nan, wannan kujerar da hular fa?"

Ya ɗan yi murmushi, bai ɗago ba.

"Na ce ko an kore ni, sai na faɗa wa Baba sau ɗaya."

"To ka zo ka faɗa, masoyi. Ko awa za ka yi a kan kalma ɗaya, ina nan."

Ranar Asabar da yamma ya zo. Ya kuwa zaɓi lokaci! Ƙungiyar na wasan waje, Baba da Yaya na gaban talabijin, Yaya na ta masifa don an shiga minti na saba'in ba a tsallaka tsakiyar fili ba.

"A'a, ga lauyan koci!" Yaya ya ce. "Zauna ka ga aikin mutuminka."

Bai zauna a kujera ba. Ya durƙusa gaban Baba, hannayensa biyu a kan gwiwa, ba agogo, ba waya. Auta na bayan labule ta dafe ƙirji.

"B-b-b..."

Yaya ya waiwayo.

"B-baba. Na z-z-z... na z-zo ne..."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Yaya ta hanci. Auta ta runtse ido. Ta ji shirun da ya biyo baya, ta san yanzu ne zai ce "haka ne" ya nemi ruwa.

"In n-n-n... in n-n-n..."

"In nemi," Yaya ya ƙarasa masa, wannan karon ba da dariya ba.

Baba ya ɗau rimot ya kashe talabijin ɗin gaba ɗaya, ana tsakiyar bugun kusurwa.

"Bar shi," ya ce. "Maganarsa ce."

Gumi na bin wuyan rigar mai guga. Ya ɗago kai ya kalli Baba ido cikin ido, ya koma farko. Kowace kalma sai da ya yi kokawa da ita, wata ta fito a karo na uku, wata a na shida. Ba wanda ya motsa. Ya faɗi sana'arsa, ya faɗi abin da ya hana shi magana wancan zuwan, sannan ya zo kan wadda ta kawo shi.

"Ina s-s-son Auta. Ina s-so ka b-ba ni ita... in r-riƙe ta da m-mutunci."

Baba ya daɗe yana dubansa. Yaya kuwa ƙasa yake kallo, yana murza yatsunsa.

"Na ji ka," Baba ya ce. "Duka na ji, ba abin da ya faɗi ƙasa. Tashi ka hau kujera, ɗana."

Sannan ya juya wajen labulen, ya ɗaga murya kamar bai san tana nan ba.

"Auta! Daina laɓe ki kawo wa mutumin nan ruwa. Yau ya yi aikin da ya cancanci sha."

Ta fito da kofin a hannu biyu, tana kuka tana dariya, kafin ta isa gabansa rabin ruwan ya zube a kan kafet.